Injin wanke kwanuka ya tsaya da ruwa a ciki, yana nuna E25

Uwar Gida:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan injin wanke kwanuka da muka saya na hannu, wanda ya daɗe yana aiki lafiya kafin wannan matsala. Yanzu da zarar an kunna shi sai a ji yana wani ƙugi daga ƙasa, kamar abu yana so ya juya amma an riƙe shi, bayan ɗan lokaci kuma sai ya yi shiru ya nuna E25 a allonsa. Ruwan wankin da ya gabata yana nan kwance a ƙasansa har ya rufe matatar, ya kuma fara wari. Na ciro matatar na wanke ta tas na mayar, amma babu abin da ya canza. Wani mai gyara da aka yi wa bayani ta waya ya ce famfon fitar da ruwa ne ya ƙone, sai an sayi sabo. Shin akwai abin da zan iya dubawa da kaina kafin a kai ga kashe wannan kuɗi?

Mai Gyaran Kayan Lantarki:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi saurin sayen famfo, domin ƙugin da kike ji shaida ce cewa wuta tana isa gare shi kuma yana ƙoƙarin juyawa. Wanda ya ƙone ƙurmus yawanci shiru yake yi. A injinan Bosch da Siemens da Neff, waɗanda kamfani ɗaya ne ke ƙera su, E25 tana nufin wani abu ya tare farfelar famfon, ko kuma murfin da ke kanta bai zauna daidai ba. Dalilin da ya sa kike ganin lambar tun a farkon wanki shi ne injin yakan fara da zuƙe ragowar ruwa kafin ya ɗebi sabo, idan ya kasa kuwa ba zai ci gaba ba.

Kafin komai ki zare shi daga soket, kada ki wadatu da kashe maɓallin kawai, tun da hannunki zai shiga cikin ruwa. Ki fitar da kwandon ƙasa da matatar, ki kwashe ruwan da kofi, sannan ki tsane ragowar da soso har sai ramin da matatar take zama a ciki ya bushe. Idan kika haska da tocila za ki ga wani ƙaramin murfin roba a gefen ramin, fari ko ruwan toka. A wasu injinan ana ɗaga shi ne da mariƙin cokali, a tsofaffin kuwa akwai sukuru guda da ya riƙe shi. Ƙarƙashinsa farfelar take, kuma ba ta da wani girma.

A nan ne ake bukatar hankali. Abin da aka fi samu a wurin shi ne ɓarɓashin fasasshen gilashi ko tangaran, kuma gilashi ba ya ganuwa a cikin ruwa mai maiƙo, saboda haka ki sa safar hannu mai kauri, ko ki yi amfani da ƙaramar filaya wajen tsamo abin da kika gani. Na sha ciro tsinken sakace, da guntun ƙashin kaza, da takardar da ake liƙawa a jikin kwalba, har da ƙyauron roba da ya nannaɗe a gindin farfelar. Bayan kin share, ki juya ta da bakin cokali. Za ki ji tana tafiya da ɗan tsalle-tsalle, tana cijewa tana sakewa. Wannan ba lalacewa ba ce, maganaɗisun da ke cikin motar famfon, wato ɗan injin lantarkin da ke juya farfelar, ne ke jawo haka. Abin damuwa shi ne ta ƙi motsi gaba ɗaya, ko kuma ta yi ta lilo sakaka kamar ta rabu da sandarta.

Abban Yara:

Ina goyon bayan abin da Malam ya faɗa, sai dai ina so in ƙara jaddada maganar murfin, domin mutane da yawa sukan ciro abin da ya toshe, su mayar da murfin sama-sama, lambar ta dawo, su ɗauka famfon ne ya mutu. Dole ne a danna shi har sai an ji ya yi ƙas, saboda idan akwai ɗan giɓi farfelar za ta yi ta juya ruwan a wuri ɗaya ba tare da ta tura shi cikin tiyo ba.

Ban da haka, Hajiya, ki leƙa bayan injin ki ga ko tiyon fitar da ruwa bai lanƙwashe ba lokacin da aka tura shi jikin bango, ki kuma kwance inda ya haɗu da bututun wurin wanke-wanke, domin maiƙon miya yakan daskare a nan ya rage hanyar. Gaskiya ne cewa irin wannan toshewa ta fi nuna E24, amma matsalolin biyu sukan zo tare.

Mai Gyaran Kayan Lantarki:

Haka ne, Alhaji, amma ina ba da shawarar a bar jawo injin daga mazauninsa sai an gama da ramin ciki. Idan aka karkata shi alhali da ruwa a cikinsa, ruwan yana iya zuba a farantin da ke can ƙasa, wani abu mai taso kan ruwa ya ɗaga, injin ya ɗauka yoyo yake yi ya nuna E15, a wayi gari ana fama da matsala biyu.

Idan duk an yi wannan farfelar tana juyawa amma ƙugin bai daina ba, a duba ƙarfin wutar gidan. An ƙera waɗannan injina ne don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240, kuma idan ta yi ƙasa sosai, kamar yadda kan faru a wasu unguwanni da yamma, ƙaramar motar famfon tana iya kasa tashi. Sai an kawar da duk waɗannan ne za a yi maganar sabon famfo. Idan an kai ga haka, a kwafi lambar da aka rubuta bayan E-Nr a bakin ƙofar injin a tafi da ita wurin masu kayan gyara, domin famfunan sun yi kama a ido amma wayoyinsu da irin wutar da suke karɓa sun bambanta.

Uwar Gida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi bayanin kamar yadda aka tsara, kuma da na ɗaga murfin sai na tarar da rabin ƙwallon dabino ya maƙale tsakanin fikafikan farfelar, tare da wani siririn gilashi da ya kwanta a gefe. Bayan na cire su farfelar ta juya da irin tsallen da Malam ya kwatanta. Na danna murfin har ya yi ƙara, na mayar da matatar, na riƙe maɓallin farawa na daƙiƙa 3 don ya manta da wankin da ya katse, nan take na ji ruwa yana gangarawa ta bututu. Tambayar da ta rage mini ita ce, bayan ya gama wanki ina ganin ɗan ruwa a can ƙarƙashin matatar, ko wannan alama ce ta cewa da sauran toshewa?

Mai Gyaran Kayan Lantarki:

A'a, Hajiya, wannan ɗan ruwan da ke ƙasan ramin haka yake zama a kowane inji mai lafiya, matuƙar bai hau ya rufe matatar ba. Abin da ya kamata ki duba shi ne ita kanta matatar, domin ƙwallon dabino ba zai kai ga farfela ba sai idan ba a murɗa ta ta kulle ba, ko kuma ragarta ta yage. Idan kika mayar da ita, ki murɗa har kiban da ke jikinta su fuskanci juna, idan kuma kika ga tsaga a jikin ragar, ita ce za a canza.