Musayar Waƙa Kan Lully, Baƙon Italiya a Fadar Faransa

Malam Na-Goge

Ga ƙwar huɗu na jefa. Mai amsawa ya riƙe mana "sa" a ƙarshen baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Kan wani baƙo nake rerawa,
Lulli, uban nasa mai niƙawa,
A Florence aka yanke cibiyarsa.

A 1632 aka haife shi,
1646 wani basarake ya ɗauke shi,
Faris, gidan gimbiya ɗiyar 'yar'uwarsa ya kai shi,
Don ta riƙa jin Italiyanci a bakinsa.

Yaron ɗaki ne, aikinsa hidima,
Ya iya goge, ya iya rawa kuma,
A 1652 gimbiyar ta shiga rigima,
Aka kore ta, shi ko ya kama hanyarsa.

Fabrairun 1653 aka yi rawar dare,
Da Sarki Luwi na 14 suka taka tare,
Kafin watan Maris ya ƙare,
Sarki ya ba shi tsara kiɗan fadarsa.

A 1661 ya zama shugaban kiɗan sarki,
Ya karɓi takardar ɗan ƙasa, ya ci gaba da aiki,
1662 da Madeleine Lambert aka sha biki,
Ya koma Jean-Baptiste Lully na Faransa.

Hajiya Zabiya

Malam, tarihinka ban ƙi ba,
Amma ba rawa ce ta zaunar da shi ba,
Masu goge ne ba ka taɓo ba,
A nan aka ga ƙarfin hannunsa.

Gogen sarki guda 24 ne,
Layi 5 aka raba su: na sama 6 ne,
Masu kaurin murya a ƙasa su ma 6 ne,
4, 4, 4 a tsaka ke cike cikinsa.

Aibinsu, kowa da nasa ƙarin ado,
Bakan wani ya hau, na wani ya gangaro,
Kari ya watse, kunne bai kamo,
Sai ya nemi ƙaramar ƙungiya a ƙarƙashinsa.

Dokar ita ce, a farkon kowane awo,
Baka ƙasa zai yi, kowa ya jawo,
In bugu 3 ne, a ɗaga shi a dawo,
Nauyi ya faɗi inda mai rawa ke sa ƙafarsa.

Mai tsara kiɗa Georg Muffat ya rubuta wannan doka dalla-dalla a 1698, kar a ce ni na ƙirƙira.

Alhaji Ma'aji

Hajiya, kin yabe shi, ni kuwa zan tona,
A 1672 takardar izinin ofera, wasan waƙa, tana
Hannun marubuci Perrin, wanda bashi ya kai kaso ya zauna,
Lully ya saye ta, ta koma aljihunsa.

Wasan da duk cikinsa ake rerawa,
Ba izininsa a rubuce, ba mai nunawa,
Tarar liba 10,000, kuɗin lokacin, ga mai saɓawa,
A kuma kwashe masa kayan wasansa.

A 1673 sauran gidajen aka matse su,
Mawaƙa 2, makaɗa 6, iyakar rabonsu,
Molière mai wasan kwaikwayo ya rasu, yaransa aka tashe su
Daga zauren Palais-Royal, Lully ya mai da shi gidan wasansa.

Alhali tun 1664 abokan aiki ne,
Wasan Le Bourgeois gentilhomme na 1670 nasu ne,
Wannan a wurina cin amana ne,
Kasuwa ya rufe, sannan aka yabi hajarsa.

Malam Na-Goge

Alhaji, kwaɗayinsa ba a ɓoye yake ba,
Amma takarda ba ta taɓa rera waƙa ba,
Perrin ya riƙe ta, ba ta fisshe shi ba,
Saurari yadda yake gina wasansa.

Quinault ke rubuta baiti ya kawo,
Lully ya soke, ya ce a gyara a dawo,
Ya yi ta maimaita shi har kari ya biyo,
Sannan ya yi shifta ga magatakardansa.

Layin sama da na ƙasa shi ke tsarawa,
Ukun tsakiya Lalouette ko Collasse ke cikewa,
Gabatarwa ta yabon sarki ke buɗewa,
Sai kashi 5, kowanne da rawarsa.

Faransawa ba sa son jan murya irin na Italiya,
A yi ta lanƙwasa gaɓa, magana ta ɓace gaba ɗaya,
Sai ya riƙa sauya awo, 4 zuwa 3, a kan hanya,
Kowane baiti ya fita daidai nauyinsa.

Hajiya Zabiya

Ƙara da mabuɗin kiɗa, Malam, kashi 2 ne,
Na farko doguwa da gajeruwa, takun ƙasaita ne,
Na biyu da sauri, layi ke bin layi ne,
Handel mai tsara kiɗa ma a Messiah ya ari tsarinsa.

In an ba gajeruwar nauyi, kiɗa ya kwanta,
Shi ya sa ake jinkirta ta, sannan a fizge ta,
Mai son ji, oferar Atys ta 1676 ya nemo ta,
Ko Armide ta 1686, ita na fi so a ayyukansa.

Ɗan Auta

Iyayena, ku gafarce ni, ƙaramin baki ne,
An ce sanda ce ta kashe shi, gaskiya ne?
Ko dukansa aka yi a gidansa?

Baba Likita

Ɗana, ba duka. 8 ga Janairun 1687 aka taru,
A cocin Feuillants, don an yi wa sarki tiyata ya gyaru,
Waƙar godiya Te Deum ake rerawa abin ya faru,
Sandarsa ta sauka a kan yatsan ƙafarsa.

Doguwar sanda ce, ƙasa yake bugawa,
Da ita mawaƙa da makaɗa ke daidaitawa,
Ido na kan jama'a, hannu na saukewa,
Kuskure ɗaya ya isa ta sami namansa.

Ciwo ƙarami ya yi ruwa, ya kumbura,
Jini ya daina isa, nama ya mutu, ruɓa ta haura,
Zamanin ba maganin ƙwayar cuta, sai wuƙa ke gyara,
Aka ce a yanke, ya ƙi da bakinsa.

Ruɓa irin wannan ba ta jiran shawara,
Yau yatsa ne, gobe ƙafa za a sara,
22 ga Maris ya cika, 54 ya samu na shekara,
A cocin Notre-Dame-des-Victoires aka yi kabarinsa.

Alhaji Ma'aji

Baba, saura lissafin abin da ya bari,
Oferar ƙarshe Achille et Polyxène, ya yi mabuɗi da kashin fari,
Collasse ya ƙarasa sauran a kan tsari,
Muƙamin fada ya koma ga Jean-Louis ɗansa,
Gidan ofera kuwa ga Francine, mijin 'yarsa.