Don Allah a taimaka, fanfon sodiyam da fotasiyam ya hana ni barci

Ƴar aji uku: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jibi zan tsaya gaban aji in yi bayanin tsarin fanfon sodiyam da fotasiyam na ƙwayoyin ƙoda. Mu huɗu aka ba aikin, biyu sun yi layar zana, ɗayar kullum wayarta a kashe, ni kaɗai na kwana uku ina zane a kan kwali. Na gane a cikin sassan fanfon alfa ce babba, sau 10 take ratsa fatar ƙwaya, ita ke kama ATP, wato sinadarin da ke ba ƙwaya makamashi. Beta sau ɗaya, ita ke raka alfa mazauninta. To gamma fa? Wani littafi ya ce sassa biyu ne, wani ya ce uku. Wanne zan bi?

Tsohon hannu: Ƙanwata, uku za ki zana, kada ki saurari kowa. Gamma ita ce FXYD2, ƴar ƙarama ce, a ƙoda ta fi yawa, tana daidaita yadda fanfon ke kama sodiyam. Tsarin da masana suka fitar a Aarhus ta ƙasar Denmark a 2007 ma daga ƙodar alade aka ciro shi, kuma har da gamma a ciki.

Mai jiran sakamako: Ni dai na ce ki bar ta. Alfa da beta sun isa fanfo ya yi aiki. Bara na ƙara abin da ba a koyar ba, malamin ya zaftare min maki, har yau ban huce ba.

Uwar biyu: Wallahi aikin rukuni zalunci ne. Mu ma haka aka yi mana, ranar maki kowa ya bayyana.

Tsohon hannu: Ku bar wannan. Fanfon na fitar da sodiyam 3 waje, ya shigo da fotasiyam 2 ciki, da ATP ɗaya. A siffar E1 bakinsa na kallon cikin ƙwaya, fosfet daga ATP na maƙalewa sai ya juye zuwa siffar E2 mai kallon waje. A wane gefen ƙwayar kika sa shi, mai kallon jini ko mai kallon fitsari?

Ƴar aji uku: Gefen fitsari mana, Yaya. Ai ta can sodiyam ke shigowa.

Tsohon hannu: Subhanallahi! Ta can yana shiga ne ta wasu ƙofofin, irin SGLT2 mai jawo shi tare da sukari. Fanfon yana gefen jini. Sake zane.

Ƴar aji uku: Da tawada fa na yi. Idan na musanya rubutun "jini" da "fitsari" kawai?

Mai jiran sakamako: Gashin nan mai kama da burushi da ƙwayar ke da shi a gefen fitsari, a wane gefe kika zana shi?