Wai hayaniyar ranar Laraba a majalisar Ingila tana da wani amfani kuwa?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a. Jiya ina zaune a shago ba ciniki ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da bidiyon majalisar Birtaniya, firaminista a tsaye madugun 'yan adawa yana ta jefa masa tambaya, na bayansu suna ihu kamar 'yan kallon dambe, shi kuma kakaki yana ta faman tsawatarwa ba mai jinsa. Abin ya burge ni gaskiya, amma sai na ce anya ba wasan kwaikwayo ba ne kawai? Don Allah masana, wannan abu doka ce ko al'ada, kuma an taɓa samun wanda ya rasa kujerarsa saboda tambaya? Sannan mu a Najeriya me ya hana a dinga tsayar mana da shugaba haka?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Al'ada ce da ta zauna da gindinta, tun 1961 zamanin Harold Macmillan aka ware mata lokaci na musamman. Da can sau biyu ake yi a mako, Talata da Alhamis, minti 15 kowace rana, sai Tony Blair ya zo a 1997 ya haɗe su ya koma ranar Laraba minti 30, daga 2003 kuma aka mayar da shi ƙarfe 12 na rana. Madugun adawa tambaya shida yake da ita, shugaban jam'iyya ta uku yana da biyu, sauran 'yan majalisa kuwa ƙuri'a ake jefawa da kwamfuta a fitar da sunan mutum 15. Firaminista bai san abin da 'yan adawa za su tambaya ba, shi ya sa kake ganinsa da ƙaton fayil, kafin ranar sai ma'aikatu sun haɗo masa bayanin duk abin da ake zargin zai taso. Ni a ganina nan amfanin yake ma, don minista ya san idan ya bar ɓaraka a ma'aikatarsa ogansa ne zai sha kunya a talabijin.

Amma kar ka ɗauka duk tambaya ce ta tsakani da Allah, 'yan jam'iyyarsa sukan miƙe su yi tambayar da yabo ne zalla, irin "shin firaminista zai yarda da ni cewa aikinmu ya yi kyau", to me kake so ya ce?

Maman Biyu:
Malam ka faɗi gaskiya amma ka bar wajen da ya fi ciwo. Ihun nan na Laraba ba ya korar kowa, abin da yake kora shi ne a kama ka ka faɗa wa majalisa abin da ba haka yake ba, domin duk kalmar da ta fita daga bakinka ana rubuta ta a kundin majalisa kuma za a dawo maka da ita ko bayan shekara nawa. Boris Johnson yana firaminista ranar 1 ga Disamba 2021 ya tsaya a irin wannan zaman ya ce an bi duk ƙa'idojin korona a ofishinsa, daga baya hotunan shagulgula suka fito, 'yan sanda suka ci shi tara a 2022, kwamitin majalisa ya bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya har a Yunin 2023 ya ce da gangan ya yaudari majalisa, da yana nan da dakatarwar kwana 90 za su nema a yi masa, shi da ya ga inda aka dosa sai ya ajiye kujerarsa ta ɗan majalisa tun kafin rahoton ya fito.

Ga Amber Rudd ma ministar cikin gida a 2018, ita ba ma a zauren ba ne, a gaban kwamiti ne shugabar kwamitin Yvette Cooper ta tambaye ta ko akwai adadin baƙin da aka ƙayyade a kora daga ƙasar ta ce babu, takardu suka nuna akwai, ba a yi mako guda ba ta sauka. Ba ihu ba tafi, tambaya ɗaya ce a ɗan ƙaramin ɗaki.

Lauyan Unguwa:
Hajiya kin gama magana. Ɗan Kurmi game da tambayarka ta ƙarshe, tsarin ne ba ɗaya ba. Can firaminista ɗan majalisa ne, ranar da ya rasa rinjaye ya tafi, mu ma haka muke a jamhuriya ta farko lokacin Tafawa Ɓalewa kafin juyin mulkin 1966, a 1979 muka ɗauko irin na Amurka. Yanzu kundin 1999 sashe na 67 ya ce minista ya halarci majalisa in an gayyace shi ya yi bayanin ma'aikatarsa, sashe na 88 da 89 kuma sun ba su ikon bincike da kiran mutum ya ba da shaida. Shugaban ƙasa ne rigimar. Kun tuna bayan kisan manoman Zabarmari a ƙarshen 2020 majalisar wakilai ta gayyaci Buhari, har aka sa rana, sai ministan shari'a Malami ya fito ya ce ba su da hurumin kiransa, shi ke nan maganar ta bi ruwa. A 2024 wasu 'yan majalisar wakilai 60 sun kawo ƙudirin a koma tsarin firaminista, ni dai ban ga zai canza komai ba in rahoton kwamiti zai ci gaba da ƙarewa a cikin durowa, ikon tambaya ai muna da shi a rubuce.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar mun taɓa ganin abin ya yi aiki fa. Ranar 31 ga Mayun 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi, kuma har da 'yan ɓangaren masu rinjaye aka kayar da shi, shi ya sa wasu har gobe suke cewa lissafin siyasa ne ya yi aiki ba kishin kuɗin makaranta ba. A da ana kiran ministoci su amsa tambaya a zaure muna saurare a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Tun juyin mulkin Yulin 2023 aka rusa waccan majalisar.

Ɗan Kurmi:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Maman Biyu wannan ta Amber ɗin ce ta tsaya min a rai wallahi. Lauya ka tuna shugaban hukumar Neja Delta da ya sume ana tsaka da yi masa tambayoyi a 2020 aka yi ta yi masa fifita? To wai rahoton wancan binciken ina ya kwana ne, ko akwai inda mutum zai samu ya karanta?