Daga kafireta zuwa injin zamani: me kuka gani da idonku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jan Peugeot 504 haɗin Kaduna. Yanzu Allah ya hore min Corolla mai VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul ɗin injin, da na ɗaga bonet sai na ga wayoyi da soket ko'ina. Waɗanda suka riga ni, ku ba mu labari.

Bakanike, Panteka: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya. A 504 da sukudireba muke saita mai. Wannan kuwa kwamfutar motar ce ke yanke hukunci. Akwai sensa mai auna iskar da ke shiga, wata a jikin salansa tana shinshinar hayaƙi, sai kwamfuta ta umarci nozul ta fesa fetur daidai, kusan kashi 1 ga kashi 14.7 na iska. Kwanaki aka kawo min Camry tana rawa a sulo, mai ita har ya fara cigiyar wani injin. Ashe ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska, ta lulluɓe sensar. Na canza matata, na wanke sensa, ta dawo garau.

Direba, layin Kano zuwa Zariya: Oga ka faɗi gaskiya. Tawa ta hannu na saya, an cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, wai ƙasarmu da zafi, an haɗa fanka kai tsaye. Abin nan yana ci min rai, domin injin an ƙera shi ya yi aiki a kusan digiri 90. In bai kai ba, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu da sanyi yake, ta yi ta ƙara mai. Tun da aka mayar da tamostat na ga sauƙi a gidan mai.

Malamar makaranta: Ni baƙin mai ne ya wahalar da ni. Aka zuba min mai kauri 20W-50, alhali mara kauri 5W-30 aka rubuta a murfi. Kullum da safe sai ƙara, don da ƙarfin man nan VVT-i ke motsawa, hanyoyinsa kuma matsattsu ne.

Bakanike, Panteka: Haka ne Malama. Alhaji, in wutar injin ta kama a dashbod, kar ka bari a yi maka canke. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun 1996 suna da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, a jona na'ura ta faɗi inda ciwon yake kafin a taɓa sifana.