Wai da gaske ƙasa tana tafiya har ta yi karo?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum. Ƙanwata ta dawo daga makaranta tana cewa ƙasar da muke takawa faifai-faifai ce, suna motsi har su yi karo. To in sun yi karon me ke faruwa? Dutsen Dala ma haka ya samu?

Malamin Jogirafi: Wa alaikumus salam. Gaskiya ta faɗa, amma tafiyar santimita kaɗan ce a shekara, kamar tsiron farce. In nahiya biyu suka haɗu, ƙasa ke tattarewa ta yi sama. Haka Indiya ta daki Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, aka samu tsaunukan Himalaya, Everest mai mita 8,849 yana ciki, har yau suna ƙara tsawo. In kuwa faifan teku ne ya haɗu da na nahiya, na tekun ya fi nauyi, sai ya nutse ƙarƙashi, aman wuta ya biyo baya, irin na Japan. Dala kam zaizaya ce ta ci kewayensa ta bar shi.

Hajiyar Gwale: Malam, girgizar Turkiyya ta 2023 fa? Sama da mutum 50,000 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Malamin Jogirafi: Amin, Hajiya. Faifan yankin Larabawa ne ke tura na Anatoliya, wanda Turkiyya take kansa. Kano tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa.