Agogon Seiko na marigayi Baba ya fara gudu, me ya same shi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Akwai Seiko 5 da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayo a Jidda shekarar da ya sauke farali. Da aka zo rabon gado shi kaɗai na roƙa. Ba ya cin batir, motsin hannu ke yi masa wani. Da lafiyarsa ƙalau, amma tun makon jiya kullum sai ya ƙara kusan minti 10. Bai faɗi ba, ruwa bai taɓa shi ba. Da daddare a kan rediyo nake ajiye shi. Wallahi tsoron kai shi nake a buɗe a lalata min.

Tsohon Mai Gyara:
Wa'alaikumussalam. Allah ya gafarta wa Alhaji. Ɗana, rediyon nan nake zargi, akwai maganaɗisu a bayan sifikarsa. Cikin agogon akwai ɗan wili mai kai-komo, irin naka sau 6 yake bugawa a daƙiƙa, 21,600 ke nan a awa. Abin da ke dawo da shi wani sifirin ne a nannaɗe, siriri kamar gashi. In maganaɗisu ya kama shi sai zagayen su manne da juna, sifirin ya gajarce, wilin ya kama sauri. Matsar da agogon kusa da kamfas na duba alƙibla. In allurar ta karkata, shi ne. Akwai ɗan injin da ke cire maganaɗisun nan take, ba ma sai an buɗe ba. Amma agogon da ya kai wannan shekaru yana son a kwance shi, a wanke, a sa sabon mai. Mai yana bushewa, ga ƙurar hunturu.

Bazazzagiya:
Ɗan'uwa, ka tsaya a kansa in za a buɗe. Na Babanmu wani ya ɗiga wa man keken ɗinki, bai yi wata ba ya tsaya cak, har yau abin na min ciwo. Kuma kar ka canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran ciki sun riga sun kama aikin juya shi, suna iya karyewa.

Ɗan Fagge:
Baba, na gwada da kamfas ɗin jikin dardumar Hajiya, allurar har rawa take. Na ɗauke shi daga kan rediyon. Gobe in sha Allah zan nemi mai injin a Sabon Gari. Na gode ƙwarai.