Ragar fitilar Land Rover ta ƙi kuncewa

Salama alaikum, masana tsofaffin motoci, a taimaka min. Ina gyaran Land Rover Series III ta marigayi mahaifinmu, ƙirar 1978, kuma ina so in cire ragar ƙarfen da ke kare fitilun gaba daga tsakuwa, don gilashin hagu ya tsage.

Noti uku sun fito lami lafiya. Na huɗun kuwa tsatsa ta cinye kansa, sukudireba sai zamewa take yi. Kwana biyu ina jiƙa shi da WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, har man birki na gwada, ko gezau.

Wani bakanike ya ce a sa wutar walda, amma madigadin alminiyom ne, ina tsoron ya narke, ga fentin asali. In huda notin da injin huji, ko akwai wata dabara? Allah ya saka da alheri.